Na kunna tsimin batir, alat ya makara, na sha kunya a gaban Hajiya

Mai Shadda: Assalamu alaikum jama'a. Tunda zafin nan ya shigo, wuta kuma ta zama sai an ga dama, wayata ba ta kai ni la'asar. Sai yaron shagona ya karɓa ya shiga sitin, ya kunna mini tsimin batir, ya bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya ya ce ya ɗaure su don kar su riƙa aiki a ɓoye. Gaskiya batir ya yi auki, har isha'i ina da kashi 30. To jiya wata Hajiya, sa'ar mahaifiyata, ta shigo shagona a babbar kasuwa ta ɗauki shadda yadi goma da atamfa turmi biyu, ta ce ta tura kuɗi. Na duba waya, shiru. Ta nuna mini rasit a tata wayar, ni kuma an taɓa cuta ta da na bogi, sai na ce ta ɗan zauna. Baiwar Allah nan ta zauna a benci kusan minti ashirin tana fifita da gefen mayafi, ba ta ce mini uffan ba. Sai da na buɗe manhajar bankin da hannuna, saƙo huɗu suka faɗo a tare, har da na wani da ya tura tun azahar. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu dole ne sai mutum ya zaɓi ɗaya, ko batir ko aiki?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Alhaji ka sayi 'yar ƙaramar waya mai tocila ka huta. Mu da muka riƙe Nokia 3310 mun san mi ake kira batir. Ka yi caji ran Juma'a, sai wata Juma'ar ka tuna inda ka aje caja.

Mai Shadda: Yaya, mai tocila za ta tura wa matan Funtuwa hoton sabon kaya? Rabin cinikina yanzu a WhatsApp yake. Kuma alat na tes na sa an cire mini tun da aka mayar da shi naira 6 daga naira 4 a 2025. Mai karɓar kuɗi sau arba'in a rana ya san abin da hakan ke ci a wata.

Injiniya Kofar Kaura: Alhaji, sannu da wannan kunya, amma ba dole sai ka zaɓi ɗaya ba. Yaronka ya yi niyyar alheri, sai dai ya ɗaure akuya ya haɗa da karen da ke gadin gida. Bari in yi bayani a hankali, don kusan kullum sai an kawo mini irin wannan a benci.

Saƙon tes ta layin waya yake zuwa, shi ya sa tsimin batir bai cika taɓa shi ba. Alat na manhaja kuwa ta intanet yake bi, kuma sai wayar ta yarda manhajar ta farka kafin ta nuna maka. Tun Android 6 da ya fito a 2015, Google ya sa tsarin da in aka ajiye waya ba a taɓa ta ba, sai ta yi gyangyaɗi, ta riƙa tara ƙananan ayyuka tana yin su lokaci ɗaya. Wannan ba shi da laifi, don yana barin saƙon gaggawa ya wuce. Matsalar ita ce kamfanonin waya da yawa suna ƙara nasu tsaurin a kai, sannan mutum ya zo da hannunsa ya ƙara na uku.

Ga abin da za ka yi. Ka danne alamar manhajar bankin ka riƙe, ka shiga bayaninta, ka nemi wajen batir. A yawancin wayoyin yanzu za ka ga zaɓi uku a jere: na farko a sakar mata mara, na tsakiya wayar ta yi mata hukunci da kanta, na ƙarshe takunkumi. Manhajar banki da WhatsApp, ka sa su a na farko. Su ne abincinka. Facebook da TikTok da wasannin da yaran gida suka cusa maka, su ne 'yan takunkumi. Sauran duka ka bar su a tsakiya. In Tecno ko Infinix ce, ka nemi kuma wajen da ake ba manhaja izinin tashi da kanta, ka kunna wa waɗannan biyun.

Amma fa kar in ɗora wa waya komai. Wani jinkirin daga can bankin yake. Yadda za ka gane: in ka buɗe manhaja ka ga kuɗin tuni sun shiga, saƙon ne kawai bai zo ba, to laifin sitin ɗinka ne.

Mai Shadda: Haka aka yi kuwa, kuɗin tuni suna ciki. Allah ya saka da alheri Injiniya. To amma in na sake su ai na koma gidan jiya, batir ya mutu kafin la'asar.

Ummi 'Yar Jami'a: Baba, ba manhajar banki ke shanye maka batir ba. Ka shiga wajen batir a sitin ka duba jerin abin da ya fi ci, na tabbata sikirin za ka gani a sama ko kusa da sama. Ni a jami'ar Umaru Musa nake, daga safe har yamma muna Batagarawa ba inda za ka jona caja sai ka yi layi. Abu uku na gyara na samu sauƙi. Na rage haske, na bar shi yana daidaita kansa. Na mayar da lokacin da sikirin ke mutuwa daga minti biyar zuwa daƙiƙa 30, don da sai in jefa waya a jaka tana kunne ban sani ba. Na uku kuma na sauke ta daga 120Hz zuwa 60Hz. Wato a maimakon fuskar wayar ta sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, sai ta yi sau 60. Kwana biyu idona ya saba. Sannan na mayar da komai baƙi.

Injiniya Kofar Kaura: Ƙanwata ta yi gaskiya a ukun farko. Na baƙin fuska ne akwai gyara. Yana rage cin batir ne kawai a sikirin irin AMOLED, don a can kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, in baƙi ne sai ya mutu. A LCD kuwa fitila ɗaya ce a baya tana ci, ko fari ka sa ko baƙi. Wayoyi masu araha da yawa LCD ne. Mai son ya gane tasa, ya buɗe baƙin hoto da dare ya kashe fitilar ɗaki. In ya ga sikirin na ɗan toka-toka yana haske, LCD ce, ya bar baƙin don idonsa kawai.

Ummi 'Yar Jami'a: Na gwada yanzu a cikin bargo. Tawa toka-toka ce. Ashe shekara guda ina yaudarar kaina.

Ɗan Kofar Soro: Ni fa ban gane ba. Ka tara kuɗi wata da watanni ka sayi waya saboda 120Hz da ƙarfin inji, sannan a ce ka kashe su? Kamar ka sayi sabon babur ne ka riƙa tura shi don kar mai ya ƙare. Ni komai a ƙure nake barin shi, ina da fawa bank mai ƙarfin 10,000, caji biyu cif ke nan. In ina buga wasa ma a jone take.

Malam na Daura: Ɗana, ni malamin kimiyya ne a sakandare, bari in ɗan taɓa lissafin nan naka. Wannan 10,000 da aka rubuta, a kan bolt 3.7 na ƙwayoyin da ke ciki aka auna shi. In ka ninka, ka raba da dubu, za ka samu wat-awa 37, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa. Batirin waya mai 5000 kuma yana ɗaukar kusan 19. A takarda saura kaɗan ya cika biyu. Amma kafin wutar ta fita daga can ta shiga nan sai an ɗaga ƙarfinta an sake sauke shi, kuma kowane juyi akwai abin da ke zubewa ya zama zafi. Abin da zai isa hannunka bai cika wuce caji ɗaya da rabi ba, in ma na kirki ka samu.

Wannan ma ƙarami ne. Babban abin shi ne wasan da kake bugawa tana jone. Caji na kawo zafi, wasa na kawo zafi, ga kuma garin da muke ciki. A watan Afrilu da Mayu, Katsina da Daura kan haura digiri 40 a inuwa. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an yi wayarsa ne don ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, kuma zafin da ya wuce 35 na iya nakasa batir nakasar da ba ta warkewa. Batirin Android ma lithiyam ne, ciwonsu ɗaya. Ka ga mu nan tun kafin ka taɓa wayar ma mun riga mun tsallake iyaka.

Kuma ga abin da zai ba ka haushi: in waya ta yi zafi, da kanta take rage gudun injinta don kar ta lalace. Ka taɓa lura wasan na tafiya sumul a minti goma na farko, daga nan ya fara sarƙewa?

Ɗan Kofar Soro: Ƙwarai kuwa Malam. Ni netwok nake zagi.

Malam na Daura: Ka nemi yafiyar netwok. Saurin da kake karewa, zafi ya riga ya ƙwace shi. Da ka sauke ingancin hoton wasan mataki ɗaya, ka cire mata riga, ka cire caja, za ta fi daɗewa tana gudu daidai.

Ɗan Kofar Soro: Rigar zan cire, cajar ma zan gwada. Amma 120 ɗin nan, Malam, a bar ni da abina.

Injiniya Kofar Kaura: A bar shi. Wayoyi da yawa ma suna da zaɓin tsakiya da ke hawa da sauka da kansa, ya sa wannan. Ba kowa ne matsalarsa ɗaya da ta Alhaji ba.

Mai Caji Sabuwar Unguwa: Tunda an zo maganar zahi bari in sa baki, don ni nake kwana da wayoyin mutane. Rumfata kwano ce, janareta na gefe, wani lokaci waya sittin a kan allo. Da tara su nake yi ɗaya kan ɗaya saboda wuri. Sai na lura na ƙasan in ka ɗauko su kamar ka ɗauko waina daga tanda, kuma su ne ke daɗewa ba su cika ba. Yanzu na buga katako mai layi-layi, kowace a tsaye da iska a tsakaninsu, kuma duk mai kaurin riga sai na cire mata. Wasu har faɗa suke mini wai na tuɓe masu waya.

Amma akwai wani sabon salo da ya ishe ni. Yaro zai kawo waya, awa uku tana kan 80 ta ƙi gaba. Ya dawo ya ce cajata ce ba ta da kyau, ba zai biya ba. Sai daga baya na gane shi ya kunna wani abu a sitin. Wa ya koya masu wagga tsiya?

Injiniya Kofar Kaura: Irina ne suka koya masu, Oga, kuma ba tsiya ba ce. Batirin lithiyam ba ya son zama a cike ƙwal, musamman cikin zafi, kuma ba ya son a tatse shi har ya mutu. Shi ya sa Samsung ya sa zaɓin kare batir, da yana tsayawa a 85, a sababbin tsarinsu kuma 80. Apple ma daga iPhone 15 ya sa iyakar 80. Wanda ya kunna wannan batirinsa zai fi jimawa kafin ya tsufa. Ni duk wanda na canza wa batir sai na nuna masa.

Maman Ilham: Injiniya ka yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba. Wannan shawarar ta masu wuta ce. Ni abinci nake sayarwa daga gida, oda duk ta waya take zuwa. A unguwarmu in an kawo wuta ƙarfe biyun dare, kafin asuba an ɗauke, kuma ba ka san ranar dawowarta ba. A ce in samu wannan damar in tsayar da caji a 80 da gangan? In bar kashi ashirin a bango saboda batir ya yi tsawon rai? To ran da ta mutu mini ƙarfe biyar, mai son dambun Juma'a ya kira bai samu ba ya tafi wani wuri, wa zai biya ni? Batir dai in ya tsufa a canza shi. Kwastoma in ya tafi ba ya dawowa.

Baban Khalifa: Hajiya ta kashe bakin kowa.

Malam na Daura: Ni ina bayanta, ko da yake kimiyyar na gefen Injiniya. Akwai ma abin da ya fi haka. Wasu wayoyin suna da tsarin da ke koyon lokacin da kake tashi, su riƙe caji a 80 cikin dare, su ƙarasa dab da asuba. Apple ya kawo shi a 2019. An gina shi ne a kan cewa wuta na nan har gari ya waye. A wurinmu sai ta riƙe a 80 tana jiran ƙarfe biyar, a ɗauke wuta ƙarfe uku. Wanda ke da sola a gida ko a shago, ya kunna iyakar, ya ci riba. Wanda ke farautar wuta, ya cika ta ƙwal, sai dai ya kiyaye zafi: kar a ƙarƙashin matashi, kar a kan katifa, kar a taga inda rana ke bugawa. A ajiye ta a kan siminti.

Injiniya Kofar Kaura: Na karɓa, amma da sharaɗi. Hajiya ki cika ta, ba komai. Abin da ba na so shi ne a riƙa barin ta tana mutuwa ƙurmus kullum. In ta kai 20 a kunna tsimin batir, a nan ne amfaninsa yake, ba tun safe ba.

Baban Khalifa: To ni an ce mini sai batir ya mutu sarai sannan a yi caji, kuma sabuwar waya sai ta yi awa takwas a wuta kafin a kunna.

Injiniya Kofar Kaura: Yaya wannan karatun zamanin batirin nikel ne, irin na wayoyin farko. Lithiyam ba ya buƙata. Ka samu wuta minti ashirin, ka jona, ba abin da zai same ta.

Maman Ilham: Wata tambayar. Ɗiyata ta sa mini wata manhaja mai tsintsiya, kullum sai ta ce waya ta yi nauyi in danna a share. Kuma ta koya mini in riƙa goge duk abin da na buɗe.

Injiniya Kofar Kaura: Ki cire tsintsiyar yau ɗin nan. Ita kanta a ɓoye take zaune tana cin batir da data tana jawo miki talla. Gogewar ma ki daina, sai in manhaja ta maƙale. Wadda kika bari a baya yawanci kwance take, ba ta cin komai. In kika kore ta, sai wayar ta sake tayar da ita daga tushe in kin buɗe, kamar ki kashe murhu ki sake hurawa duk bayan minti goma. Abin da zai taimake ki shi ne ki hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, don na san kina cikin zaurukan biki fiye da goma.

Maman Ilham: Sha bakwai ne.

Direban Daura: Salamu alaikum, na zo a makare. Ba wanda ya taɓo nawa. Ina jigila Katsina zuwa Daura ta Mashi, wani lokaci sawu biyu a rana. Ko taɓa wayar ba na yi a hanya, amma in na tashi da 90 sai in isa da sittin da wani abu. A gari kuwa wannan lokacin ko goma ba ta ci.

Malam na Daura: Neman sabis ne. In ƙarfen sabis ya yi nisa, wayar kan ƙara ƙarfin da take aika sigina da shi, kamar mai ƙwala kira daga wata gona zuwa wata. Ga mota na gudu, tana saki wannan ƙarfe tana kama wancan. In layi biyu gare ka, aikin biyu ne. Ka kashe data in ka hau hanya, kira zai shigo maka duk da haka. Layin da ka san ba ya kamawa a hanyar, ka kashe shi a sitin. In wayar mai 5G ce kuma, ka tsayar da ita a 4G, ba amfanin ta riƙa laluben abin da ba ka amfani da shi.

Anti Zee: Mu masu iPhone a yi da mu. Tawa ta yi sanyi sosai, aka ce mini kamfanin ne ke rage wa tsofaffin wayoyi gudu don a sayi sabuwa. Gaskiya ne?

Injiniya Kofar Kaura: Maganar tana da tushe, Anti. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu wayoyin da batirinsu ya tsufa. Hujjarsu ita ce tsohon batir ba ya iya ba da wuta mai yawa lokaci guda, sai wayar ta mutu farat ɗaya. Laifin da aka kama su da shi rashin gaya wa mutane ne, har Faransa ta ci su tarar Yuro miliyan 25 a 2020. Bayan rigimar ne suka sa wajen duba lafiyar batir. Ki shiga ki gani. Su da kansu sun ce batirin iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. In kin ga ƙasa da 80, batirin ya tsufa, maganinsa sabon batir. Ki kuma duba alamar batirin a sama, in ruwan ɗorawa ce to tsimi na kunne, shi ma yana rage gudu.

Anti Zee: 74 na gani. Innalillahi.

Mai Shadda: Jama'a na dawo da rahoto bayan kwana biyu. Na sake banki da WhatsApp, na ɗaure sauran, na bi shawarar 'yata Ummi a kan haske da 60 ɗin nan. Na kuma ɗauke wayar daga kan kanta inda rana ke dukanta da hantsi. Tsimin batir sai ta kai 20 yake shiga. Jiya na rufe shago da kashi 24, alat kuma kafin mutum ya mayar da wayarsa aljihu ya shigo. Hajiyar da na sa ta jira kuma na aika mata turare ta hannun ɗanta, ta ce ba komai, amma har yanzu ba ta dawo ba.

Ɗan Kurkura: Oga Injiniya ni ma a duba ni. Tawa a gaban kurkura nake maƙala ta, jikin gilashi, tana jone da batirin mashin tun safe ina jin waƙa. Yanzu daga 40 sai ta faɗo 5. Kuma murfin bayan ya ɗan ɗaga, har na sa roba na ɗaure.

Injiniya Kofar Kaura: Cire robar, ka ɗora ta a kan tebur mai santsi, ka ɗan tura gefe ɗaya da yatsa. Mi ka gani?

Ɗan Kurkura: Juyawa take kamar katantanwa. Tsakiyar ya yi tulu.

Injiniya Kofar Kaura: Batirin ya kumbura. Kashe ta yanzu. Kar ka jona ta a caji, kar ka danna murfin don ya koma, kar ka huda shi, kuma kar ta kwana kusa da kai ko yara. Ka sa ta a kwanon ƙarfe a tsakar gida inda ba rana, gobe ka kai wa mai gyara, ni ko wani.

Ɗan Kurkura: To lambobin fasinjojina na 'yan makaranta duk suna ciki fa.

Injiniya Kofar Kaura: Suna nan, ba a batir suke ba. Cire layin ka ari mai tocilar Baban Khalifa zuwa gobe.

Baban Khalifa: Ya zo ya amsa, tun ran Talata rabonta da caji kuma sanda uku gare ta.